Tiger Woods kafin ya fara wasan kuɗi: jira ne ya gina shi ko gata?

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan gida. Yau ina so mu ɗan ajiye maganar balo mu taɓa golf, na san wasu za su ce me ya haɗa Damagaram da golf amma ku bari in kai aya. Kowa ya san Tiger Woods da suna da kuɗi, abin da ba a cika faɗa ba shi ne yaron nan ya yi shekara da shekaru yana cin manyan gasa ba a ba shi ko dala ba. An haife shi 30 ga Disamba 1975 a Kaliforniya. Ya ci kofin yara na Amurka gaba ɗaya, US Junior Amateur, sau 3 a jere, 1991, 1992, 1993, na farkon yana shekara 15. Ya hau na manya, US Amateur, shi ma sau 3 a jere, 1994, 1995, 1996, kuma har yau ba wanda ya jera uku ɗin nan sai shi. Shekara 6 kenan ba fashi yana ɗaukar kofin ƙasa. Sai watan Agusta 1996 yana shekara 20 ya shiga wasan kuɗi. Ni a ganina waɗannan shekarun ne suka yi Tiger, kuma su ne abin da yaranmu masu wasa ba su samu, da an ga yaro ya iya sai a tura shi neman kuɗi. Me kuka gani?

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam. Yaya ni ban yarda ba. Ba jira ba ne, gata ne. Ubansa Earl Woods tsohon hafsan soja ne, laftanar kanar, ya yi yaƙin Biyetnam, yana da fansho kuma yana da izinin shiga filin golf na sojan ruwa kusa da gidansu. Yaro ɗan shekara 2 an kai shi tele a 1978 yana buga ƙwallo gaban duniya. To wanda cikinsa ya cika ai jira ba wuya. Namu yaron sai ya tura kura da bido shida ya kawo ruwa gida kafin ya tafi lakwal, da yamma ya je fili ba takalmi, sannan ka ce masa ya jira shekara 6 kar ya karɓi kuɗi?

Ɗalibi: Don Allah a fara yi mana bayani, amater ɗin nan me ake nufi? wanda bai iya ba ne ko me

Mushe: A'a ƙanena, ba rashin iyawa ba ne. A golf akwai gida biyu, masu wasa don kuɗi, wato ƙwararru, da waɗanda ba su karɓar kuɗin gasa, wato amater, kuma akwai doka rubutacciya a kai, hukumomi biyu ke riƙe da ita, R&A ta Sikotlan da USGA ta Amurka. Amater yana iya shiga gasar ƙwararru idan an gayyace shi ko ya cancanta, ya buga da su kafaɗa da kafaɗa, amma ko shi ya zo na ɗaya kuɗin ba nasa ba ne. Tiger ya fara shiga gasar ƙwararru yana shekara 16, a Los Anjeles a 1992, kwana biyu aka tankaɗe shi. Domin gasar kwana 4 ce, bayan kwana 2 ana yanke wajen rabin mutane su koma gida. A 1995 ya buga Masters, ɗaya daga cikin manyan gasa huɗu na golf, ya tsallake yankan, ya ƙare na 41, shi ne kan gaba cikin amater. 1996 a gasar Open ta Ingila ya zo na 22 aka ba shi lambar azurfa ta wanda ya fi kowa cikin amater. Duk wannan ba ko tamma a aljihunsa.

Kuma dokar wasannin jami'o'i ta lokacin tana da tsauri ƙwarai. Yana dalibi a jami'ar Stanford ya je cin abinci da Arnold Palmer, tsohon gwarzon golf, Palmer ya biya kuɗin abincin, sai da aka sa Tiger ya rubuta masa cek na dalar Amurka 25 ya mayar, in ba haka ba ba zai buga wa makaranta wasa ba.

Ɗalibi: Ikon Allah, kuɗin abinci ma? na gode Mushe

Ɗan Birni: Ɗan Zango ban musa maganar gata ba, amma ai Amurka cike take da yara masu gata da suka fi shi, iyayensu na da filin golf a bayan gida, ina suke? Bari in ba ka abin da nake nufi da jira. Gasar US Amateur ba kamar ta ƙwararru ba ce da ake tara bugu a lissafa a ƙarshe, ita bayan zagayen tantancewa mutum da mutum ce, rami da rami, wanda ya saka ƙwallo da bugu kaɗan ya ci ramin, in aka fi ka ramuka an fitar da kai, ka tattara jakarka. Wasan ƙarshe rami 36 ne a yini ɗaya. A 1994 Trip Kuehne ya ba shi ratar rami 6, yaro ɗan shekara 18 ya bi shi a hankali har ya kamo shi ya wuce. A 1996 a Pumpkin Ridge, Steve Scott ya ba shi ratar 5 bayan zagayen safe, har saura rami 3 a gama Tiger na baya da 2, ya ci na 34, a na 35 ya gangara ƙwallo daga wajen mita 10 ta faɗa rami, aka yi kunnen doki, aka ƙara, ya ci a rami na 38. Wannan zuciyar ba uba ke sayo ta a kanti ba, sai ka shiga matsi sau da yawa a inda faɗuwa ba za ta kashe maka rayuwa ba, ka faɗi ka tashi ka koyi yadda ake numfashi in ana binka bashi. Da ya shiga wasan kuɗi tun yana 17 da kowace faɗuwa kuɗin jirgi ne da na otel suka tafi.

Mushe: Tunda ka kawo wasan 1996 akwai abin da ba na so a manta. A ramin nan na 34, Tiger ya ɗan matsar da alamar ƙwallonsa gefe don ta kauce wa hanyar Scott, haka ake yi, amma dole ka maido ta inda take kafin ka buga. Ya manta. Ya ajiye ƙwallo zai buga, Scott da kansa ya tuna masa ya ce ka maida alamarka. Da ya yi shiru Tiger ya buga daga wurin da ba daidai ba da ya rasa ramin, da wasa ya ƙare nan take, kofi na Scott. Scott ɗin yaro ne ɗan shekara 19. Ni duk lokacin da nake gaya wa ɗalibaina maganar amana wannan labarin na zuwa mini, don ba alƙali ya kama shi ba, ba kowa ya tilasta masa ba.

Maman Yara: Allah sarki. Wannan Scott ɗin shi ya burge ni fiye da Tiger wallahi. Amma ni ina da magana a matsayina na uwa. Kuna ta yabon uban, ni kuwa tausayin yaron nake ji. Ɗan shekara 2 a tele, ɗan shekara 3 ana ƙirga masa bugu, yaushe ya yi wasan ƙasa da ƴan uwansa? An ce uban yakan tsaya bayansa yana tari, yana kaɗa sulalla a aljihu, yana yar da jaka daidai lokacin da zai buga don wai ya saba da damuwa. Eh ya saba, amma mun ga yadda rayuwarsa ta gida ta rikice daga baya. Sannan karatun ma bai gama ba, shekara 2 ya yi a Stanford yana karatun tattalin arziki ya bari. To ina jiran?

Ɗan Birni: Hajiya gaskiyarku ce bai gama ba. Amma ku duba lokacin da ya bari, ya riga ya ci kofin jami'o'in Amurka na 1996, ya ci US Amateur na uku, ba sauran abin da zai ci a wannan matakin. Ya bari ne da ya cinye, ba yunwa ta kore shi ba. Kuma da ya fito sai kamfanoni suka zo da kansu, Nike dalar Amurka miliyon 40, Titleist miliyon 20, tun bai buga ƙwallo ɗaya ta kuɗi ba. Na Nike kaɗai ya kai wajen miliyar 20 na sefa a canjin lokacin. Gasarsa ta farko a Milwoki ya zo na 60 ya samu dala 2,544, wata biyu ba su cika ba ya ci gasar Las Begas, ya ƙara cin wata kafin shekara ta ƙare, Afrilu 1997 ya ci Masters da ratar bugu 12 yana shekara 21. Da ya fito tun 1993 waye zai ba shi miliyon 40?

Ɗan Zango: To ai ka dawo maganata Yaya. Wa ya biya kuɗin mota da masauki duk shekarun nan yana yawo jiha jiha? wa ya biya Butch Harmon da ya fara koya masa tun 1993? Makaranta ta ɗauke shi kyauta saboda wasa, a nan wace makaranta za ta ɗauki yaro don ya iya gudu ko balo ta ba shi ɗaki da abinci? Ni ina da aboki, mun taso tare, ƙafar hagu kamar me, wani mutum ya zo ya ce zai kai shi waje, uban ya sai da gona ya ba da kuɗi, yaron ya yi wata da watanni a wata ƙasa yana kwana a tasha, ba kulob ba kontira, da ƙyar ya dawo. Yanzu kabu-kabu yake yi kamar ni. Kuna ganin bai san jira na da amfani ba? ya sani sarai, jiran me zai yi, ba gasar yara ta kirki, ba mai kallo, ba mai rubuta sunansa

Baba Tsohon Ɗan Kokowa: Ku saurara yara. Ni golf ban san shi ba sai abin da nake karantawa a nan, amma abin da Ɗan Birni ke faɗi mu mun san shi a kokowa. Ba wanda ke tashi daga gida ya je neman takobi. Kana farawa a dandalin gari bayan an gama girbi, da farin wata, a ka da ka a yi maka dariya, gobe ka dawo. Daga nan ƙauyukan kusa, daga nan zaɓen jiha, sai an ga ka isa a saka ka cikin goman da za su wakilci Damagaram, jiha 8 kowace mutum 10, ƴan kokowa 80 kenan. Tun 1975 da aka fara a Tawa haka tsanin yake. Wanda ya tsallake mataki rana ɗaya ake karya shi, ko a karya masa kafaɗa ko a karya masa zuciya, na ga masu ƙarfi da yawa da aka yi wa gaggawa don an ji kiɗa ya yi daɗi, ba su sake shiga fili ba. Amma shi ma Ɗan Zango bai yi ƙarya ba, mu lokacin da muke hawa akwai mai ba mu hatsi, akwai mai sayo mana rago, gari ne ke ciyar da ɗan kokowarsa. Jira ba ya yiwuwa sai da mai riƙe ka.

Ɗan Zango: Ranku ya daɗe Baba, abin da nake ta son faɗa kenan

Ɗalibi: To akwai wanda ya yi saurin shiga wasan kuɗi a golf ɗin ya sha wuya? don a gwada

Mushe: Akwai, kuma sananne. Justin Rose na Ingila. A 1998 yana shekara 17 yana amater ya zo na 4 a gasar Open, a ramin ƙarshe ya bugo ƙwallo daga cikin ciyawa ta faɗa rami kai tsaye, duk ƙasar ta ɗauka. Washegari ya ce ya zama ƙwararre. Gasa 21 a jere ana tankaɗe shi a kwana na biyu, ba ko ɗaya da ya kai ga kuɗi. Ka yi tunanin yaro ɗan 17, 18 yana shiga jirgi kowane mako ya dawo hannu wofi jaridu na ƙirga masa. Allah ya taimake shi ya farfaɗo, ya ci US Open a 2013, ya ci zinare a Olimfik na Riyo 2016, wannan dai da Alfaga namu ya samo azurfa a taikondo. Amma shi mun san labarinsa ne don ya farfaɗo.

Maman Yara: Mushe ai wannan hujja ce ta ɓangare biyu, ya yi gaggawa kuma ya kai inda ya kai. Ku kawo na mata mana. Lydia Ko ta Niyu Zilan ta ci gasar ƙwararru ta Kanada a 2012 tana shekara 15, ta sake ci a 2013, duka biyu ba ta karɓi kuɗin ba don tana amater, ta shiga wasan kuɗi tana 16, tana 17 ta zama ta ɗaya a duniya. Ita ba ta jira 20 ba. Kenan ba shekaru ba ne, kowa da lokacin da ya nuna.

Ɗan Birni: Na yarda Hajiya, ni ma ba lambar shekara na riƙe ba. Ita ma sai da ta cinye matakinta har ta haura ta ci na sama kafin ta tafi. Rose kuwa mako ɗaya mai kyau ya gani ya yanke shawara a kai. Nan bambancin yake a wurina.

Na Yamai: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Don kar a ce golf ba ya ƙasarmu, akwai fili a wajen Yamai hanyar Tilaberi, Rio Bravo, na taɓa raka wani abokin aiki. Ba ciyawa, yashi ne da tsakuwa da ƴan itatuwa, kowa na yawo da ɗan guntun kafet na roba kore, in ka iske ƙwallonka sai ka ɗora ta a kai ka buga. Kewayen ramin kuma yashi ne da aka cakuɗa da mai ya yi baƙi, akwai mai jan wani abu yana share maka hanya kafin ka gangara ƙwallo. Abin da ya tsaya mini a rai samarin da ke ɗaukar jaka, na ga ɗaya ya karɓi sanda da mai ita ya ba shi don gwaji, ba ɗumama jiki ba komai, silifas a ƙafarsa, ya buga ƙwallo ta miƙe sambal ta wuce ta mai sandar nesa. Ya mayar da sanda ya saɓa jaka ya ci gaba da tafiya. Wannan wace gasar amater zai shiga?

Yaya na Kano: Haka yake a nan ma. Filayen Kano, Kaduna, Jos, yawancin ƙwararrun golf na Najeriya daga ɗaukar jaka suka fara. Yaro na bin alhazai da jaka, ya samu tsohuwar sanda ɗaya da wani ya yar, da sassafe ko bayan magariba in ba kowa ya yi ta bugu. Shi amater ɗinsa kenan, ba jami'a ba kofi. In ya iya sai ya nemi shiga layin ƙwararru don a nan ne kawai abinci yake. To kun ga hanya biyu ce daban, ta Tiger tsani ne da aka gina tun kafin a haife shi, US Amateur tun 1895 ake yinta.

Ɗalibi: Tambaya ta gaskiya, a ce kai ne ka ci gasa aka ce kuɗin ba naka ba, za ka iya?

Mushe: Ya faru kwanan nan. Janairu 2024 Nick Dunlap, ɗalibi ɗan shekara 20 daga jami'ar Alabama, ya ci gasar ƙwararru a Kaliforniya, rabon da amater ya yi haka tun Phil Mickelson a 1991. Kuɗin na ɗaya dalar Amurka miliyon ɗaya da rabi ne, wajen miliyon 900 na sefa, aka miƙa wa na biyu, Bezuidenhout na Afirka ta Kudu. Kwanaki kaɗan Dunlap ya bar makaranta ya zama ƙwararre, don cin nan ya ba shi kujera a manyan gasa. Mickelson shi kuwa ya zauna ya gama karatunsa sai 1992 ya fita. Ni ban ga laifin ko ɗaya ba.

Ɗan Zango: Miliyon 900 a ce ba naka ba, wallahi ni dokar nan ban ga adalcinta ba. Masu kuɗi suka yi ta don masu kuɗi

Mushe: Tarihinta yana da wannan ƙamshin, ba zan ɓoye ba, a da a Ingila ƙwararre ana ganinsa kamar ma'aikaci, amater shi ne ɗan babban gida. Bobby Jones da ya cinye manyan kofuna 4 a 1930 bai taɓa buga gasa don kuɗi ba, lauya ne. Shi ma Kuehne da Tiger ya doke a 1994 bai shiga wasan kuɗi ba, harkar hada-hadar kuɗi ya kama. Amma an sassauta, daga 2022 amater na iya yin talla ya karɓi tallafin kamfani, kyautar gasa ce aka tsayar kar ta wuce dala 1,000. Kenan su ma sun gane yaro ba zai jira da yunwa ba. Kuma a 2024 R&A ta fara gasar amater ta Afirka a Leopard Creek, Afirka ta Kudu, wanda ya ci yana samun gurbi a gasar Open.

Maman Yara: To wannan gasar ta Afirka yaron Yamai mai silifas yana da hanyar zuwa? ko sai ƴan Afirka ta Kudu kaɗai

Na Yamai: Hajiya sai yana da makin da aka rubuta masa a hukumance kuma sai ƙasarsa ta san da shi. Mai ɗaukar jaka ba ya cikin ƴan kulob, ba mai rubuta bugunsa. Da za a ware musu ko yini ɗaya a wata su yi gasa tsakaninsu a riƙa ajiye sakamako a littafi, da an fara wani abu.

Ɗan Birni: Wannan littafin shi nake so ko a balo da gudu a nan Damagaram, gasar lakwal da lakwal duk shekara ba fashi, a san wa ya ci bara wa ya ci bana, yaro ya san in ya gama wannan akwai na gaba. Yaya na Kano don Allah in kun samu dama ku tambayar mana masu ɗaukar jakar can, yaya ake tashi daga jaka zuwa ƙwararre, akwai jarrabawa ko gasa ce, kuma wa ke biya musu.

Yaya na Kano: In sha Allahu ranar Asabar zan leƙa filin, akwai wani dattijo da ya daɗe yana koyar da yara a can, zan zauna da shi in ji daga bakinsa in kawo muku.